Ina Za A Mayar Da Baba Da Inna? Lissafin Zaɓen Unguwa Mai Sauƙi Ga Dattawa A Birnin Bauchi

Da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi a watan Fabrairun 1976, garin ya cika da matasan ma'aikata. Wasu an dawo da su daga Maiduguri, hedikwatar tsohuwar Jihar Arewa maso Gabas, wasu kuma sabbin ɗauka ne da suka fito daga kwalejojin horon malamai da makarantun koyon jinya. Ba a jima ba aka buɗe Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 1979, jami'ar da yau take ɗauke da sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa ta biyo baya a 1980. Fili yana da araha a lokacin, albashi yana da auki. Duk wanda ya samu hali sai ya yanki fuloti ya tayar da gida na iyali sosai: zaure, ɗakin baƙi, turaka, ɗakunan mata, ɗakin samari a bakin ƙofa, ga tsakar gida mai faɗi.

Saurayin da yake ɗan shekara 25 a wancan lokaci yau ya ba saba'in baya. 'Yan mata sun tafi gidajen mazajensu, aiki ya watsa maza Abuja da Kano da Legas, waɗanda suke gari kuma sun gina nasu. Gidan da a da ake auna mudu biyu na masara kowane dare, yanzu gwangwani uku sun ishe shi. Wanda ya saba shiga irin waɗannan gidaje ya san kamanninsu: ɗakuna uku a garƙame da kwaɗo, silin ya lotsa saboda yoyo, gara ta cinye ƙyauren ɗakin samari, Inna kuma tana duƙe da tsintsiya tana fama da tsakar gidan da ya fi ƙarfin bayanta.

A nan maganar take tasowa, yawanci ranar Sallah ko bayan wani biki, sa'ad da 'ya'ya suka hallara: "Baba, gidan nan ya yi muku yawa. Me zai hana a nema muku ƙarami?" Magana ce mai nauyi, don a gidan aka raɗa wa kowa suna, daga cikinsa aka kai kowace amarya, wani lokaci ma daga zaurensa aka ɗauki uwargida zuwa makwancinta. Amma tilas ta sa gidaje da yawa suna yin ta, kuma da zarar an amince sai babbar tambaya ta biyo baya: a wace unguwa?

Abin da ya kawo maganar

Ma'aikacin gwamnati yakan ajiye aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Daga ranar samunsa ya ragu, garatutin da ya sa ran gyara gida da shi kuma, kamar yadda 'yan fansho a Bauchi da jihohi da dama suka sani, yana iya shafe shekaru bai fito ba. Ana cikin haka aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 a farashin hukuma ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu. Kwano da katako da ladan magini suka bi sahu, buhun siminti ya taɓa naira dubu goma a wurare da yawa a farkon 2024. Tsohon gida kuwa ba ya rabuwa da lalura: bana katanga, baɗi rufi, baɗin baɗaɗa shadda ta rufta. Mutanen Bauchi ba su manta da guguwar watan Yunin 2018 ba, wadda ta afka wa garin ana tsakiyar bikin Ƙaramar Sallah, ta yaye rufin gidaje masu ɗimbin yawa, ta yi sanadin rasa rayuka. Dattijon da ya wayi gari da ɗakuna takwas babu kwano a kansu ya san bambancin babban gida da ƙarami.

Dalili na biyu rabon gado ne. Maigida ya rasu, takaba ta ƙare, magada kowa na son haƙƙinsa, gidan kuma ba ya rabuwa sai an sayar. Na uku, garin ne ya cim ma gidan. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Bauchi mutum 493,810, kuma tun daga lokacin garin yake ta buɗewa ta kowace hanya. An faɗaɗa tituna, an yi aikin gadojin sama a Wunti da Babbar Kasuwa, layin da yake shiru a da ya koma jerin shaguna. Gida a irin wannan wuri ya fi daraja a hannun ɗan kasuwa fiye da a hannun tsoho mai neman barcin rana.

Araha iri biyu ce

Dillali zai zo da labari mai daɗi: "Alhaji, akwai wani can bakin gari, ɗaki biyu da falo, sabo fil, rabin kuɗin na cikin gari." Ba lalle ƙarya yake yi ba. Sai dai shi lissafinsa yana ƙarewa ranar da aka biya kuɗi ya karɓi la'adarsa, na dattijon kuwa a ranar yake farawa. Akwai arahar ranar ciniki, akwai ta zaman yau da gobe, kuma ga mai fansho ta biyun ce take da muhimmanci.

A gwada da misali, kowane gida ya sa nasa alƙaluman. A ƙaddara an samu rarar naira miliyan uku don an zaɓi gidan nesa. Dattijo yana fita sau goma sha biyar a wata: asibiti, Juma'a, banki, gaisuwar mara lafiya, jana'iza, ɗaurin aure. In kowace fita ta ƙara masa naira 2,000 a kuɗin Keke Napep, an tashi da 30,000 a wata. In babu famfo, ana sayen kurar ruwa ta naira 1,000 duk bayan kwana biyu, ga wata 15,000. Jimla 45,000 ke nan, kusan kashi biyu bisa uku na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. A shekara ya kama 540,000. Kafin a cika shekara shida rarar ta ƙare ƙaf, ba a ma yi zancen mai gadi ko sola ba. Ba banza ba Hausawa suka ce araha ba ta ado.

Abin da ya fi faruwa a zahiri ma ya fi wannan muni. Dattijo ba ya kashe kuɗin, fitar yake dainawa. Ranar ganin likita ta zo ya ce jikin da sauƙi, a bari sai wani wata. An yi rasuwa a tsohuwar unguwa ya ce zai buga waya. Kunya ba ta barinsa ya roƙi 'ya'ya kuɗin mota kowane mako. A takarda an yi tanadi, amma da lafiyarsa da zumuncinsa aka biya.

Garin kashi huɗu

Mai neman gida wa tsoho a Bauchi yana iya kallon garin kashi huɗu, kowane da ribarsa da hasararsa.

Na farko cikin ganuwa, tsohon birnin da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa wajen 1809. Unguwanni irin su Jahun da Nasarawa da Bakaro da Ilela, da kewayen Ƙofar Ran da Ƙofar Wase da Ƙofar Dumi, suna da abin da kuɗi ba ya saye a sabuwar unguwa. Masallaci yana kowane lungu, mai kayan miya yana bakin ƙofa, Babbar Kasuwa da Wunti ba nisa, abin hawa ba ya yankewa. Matsalolin su ma a fili suke. Akwai lungunan da mota ba ta shiga, don haka mara lafiya sai an ɗauko shi a hannu zuwa bakin titi. Akwai kwata a buɗe da cunkoso, gidaje da yawa kuma na gado ne masu magada barkatai, saye a cikinsu sai an yi hattara. Ga wanda aka haifa a nan ya fita saboda aiki, komawa ɗaki biyu a sashen gidan dangi, in an gyara shi da kyau, sau da yawa ya fi kowane zaɓi sauƙi.

Na biyu unguwannin ma'aikata: Federal Low Cost, State Low Cost, Ibrahim Baƙo, Tambari, Gida Dubu, Fadaman Mada da makamantansu. An tsara yawancinsu da layuka, mota tana zuwa har ƙofar gida, akwai gine-ginen ƙasa masu ɗaki biyu ko uku, kuma maƙwabta da yawa tsofaffin abokan aiki ne. Kuɗinsu ya fi na bakin gari nesa ba kusa ba, amma wanda ya sayar da babban gida yakan iya sayen ƙarami a nan har ya rage canji. GRA kuwa, tsohuwa da sabuwa, ba wurin mai neman sauƙi ba ce, kuma dogayen katangunta suna raba tsoho da jama'a.

Na uku hanyar Dass: Yalwa, Sabon Kaura, Gwallameji, Rafin Zurfi, Birshi, har zuwa Bayara. Jami'a da kwalejin tarayya sun cika yankin da ɗalibai, abin da ya sa ƙananan ɗakunan haya suke tsada fiye da yadda baƙo zai zata, hayaniya kuma ba ta rasa. A ɗaya ɓangaren, abin hawa yana kaiwa dare, akwai kasuwa a Yalwan Tudu, akwai babban asibiti a Bayara. Dattijo Kirista zai samu majami'u da jama'arsa a kusa. Wanda yake son ya zauna a ɗaki biyu ya sa 'yan haya a biyu, nan ne ba a rasa mai kamawa.

Na huɗu bakin gari: bayan Wuntin Dada zuwa Miri da Dungal a hanyar Jos, Inkil a hanyar Gombe, Tirwun a hanyar Maiduguri, da ɓangaren Gubi a hanyar Ningi. Nan ne fili ya fi araha, nan ne kuma dillalai suka fi nunawa. Sabbin hanyoyin da suka haɗa Sabon Kaura da hanyar Jos, da hanyar Gombe da ta Maiduguri, sun kusanto da wurare da dama, kuma a Dungal ne gwamnatin jiha ta gina kaso mafi girma na shirinta na gidaje 2,500. A waɗannan wurare sunan unguwa ba ya gaya wa mutum komai sai ya auna tazarar gidan da kwalta. Gida biyu suna iya amsa sunan Miri, ɗaya taku hamsin daga titi, ɗaya sai an ratsa gonaki da kwari. Bakin gari yana dacewa da dattijon da bai daɗe da ajiye aiki ba, mai sauran ƙarfi, mai sha'awar noma da kiwo, musamman in ɗansa yana zaune a jikin katangarsa. Ga gwauruwa 'yar shekara 75 mai hawan jini, ita kaɗai da jika, wuri ne da ya kamata a yi dogon tunani a kansa.

Asibiti, ruwa, damina, wuta

Tambayar farko da za a yi wa kowane gida ita ce wannan: in ciwo ya tashi ƙarfe biyun dare a watan Agusta, ana tsuga ruwa, wa zai fito da mota, ta ina za ta shigo, minti nawa za a kai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko Asibitin Ƙwararru na jiha? Shanyewar ɓarin jiki da bugun zuciya ba sa jiran gari ya waye. Ban da babban asibiti, tsoho yana buƙatar ƙaramin asibiti na kusa inda za a riƙa auna masa jini da suga, da kemis na kirki wanda ba sai an shiga gari ba. In yana cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, wato BASHCMA, ko na tarayya, a duba ko asibitin da ya yi rajista zai yi nisa, a nemi sauyi tun kafin tashi.

Sai ruwa. Famfon Bauchi daga madatsar Gubi yake zuwa, kuma aikin faɗaɗa shi da aka yi da tallafin Bankin Duniya, wanda aka ƙaddamar a 2022, ya ƙara yawan ruwa da bututu. Duk da haka garin yana gaba, bututu yana binsa a baya. Bauchi kuma a kan dutse take zaune, shi ya sa wani zai haƙa rijiya ya samu ruwa a kusa, maƙwabcinsa ya kashe kuɗin burtsatse ya tashi a tutar babu. Kada a tambayi mai gida ko dillali zancen ruwa. Matan maƙwabta za a tambaya, kuma a tambaye su halin da ake ciki a watan Maris da Afrilu, lokacin da rijiyoyi suke ƙafewa 'yan garuwa suke ƙara kuɗi. A duba tazarar rijiya da shadda. Bauchi tana cikin jihohin da annobar amai da gudawa ta 2021 ta fi yi wa ɓarna, kuma jikin tsoho ba ya jure rashin ruwa.

Damina ita ce mai tona asirin gida. Wanda ya ga fili a watan Janairu, ƙasa a bushe, hanya sumul, bai ga komai ba. A koma washegarin ruwa mai ƙarfi a Yuli ko Agusta. In ba za a iya jira ba, bango yana ba da labari: layin danshi da ya tsaya daidai gwiwa, fenti da ya kumbura yana ɓarewa daga ƙasa, gansakuka a gindin katanga, dokin ƙofa da maƙwabta suka ɗaga da bulo biyu, tsofaffin buhunan yashi a bakin lungu. Duk inda aka ga waɗannan, ruwa yana kwana a wurin. Filayen da a da fadama ne ko bakin rafi sukan yi araha, kuma dalilin arahar ke nan.

Wuta ma tana da lissafinta. Daga Afrilun 2024 farashin lantarki ga masu rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, ya ninka fiye da sau uku, aka fara da naira 225 kowane yunit. A tambayi rukunin da layin yake, a tabbata akwai mita mai kati, a kuma bincika a ofishin kamfanin rarraba wuta ko tsohon mai gida ya bar bashi. Zafin bazara a Bauchi yana kusantar digiri 40, kuma ɗaki mai gajeren rufi babu silin babu taga biyu azaba ne ga tsoho. Ƙaramin gida yana da wannan fa'ida: sola kaɗan ta isa ta riƙe fanka da fitila da firji.

Jama'a su ne jarin tsoho

Duk waɗannan ana iya auna su da kuɗi ko da agogo. Abin da ya fi su nauyi shi ne mutane. Dattijon da ya shekara arba'in a unguwa yana da gurbinsa a sahun gaba a masallaci, yana da majalisar da yake zama bayan La'asar, shi ake kira in za a karɓi aure ko a sasanta ma'aurata. Mai shago yana ba shi bashi har fansho ya shigo. In Asuba biyu ta wuce ba a gan shi ba, liman zai turo yaro. Inna ita ma tana da Islamiyyarta da adashinta, tana da maƙwabciyar da za ta leƙo in hantsi ya yi ba ta ji motsin tsintsiya ba. A ɗauke su a kai su inda babu wanda ya san sunansu, an raba su da duk wannan a rana ɗaya, kuma a shekara saba'in ba a cika gina sabo ba.

Duniya ta fahimci haka. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan biranen da suka dace da tsofaffi, inda ta sa sufuri da mahalli da cuɗanya da jama'a a jeri ɗaya da kiwon lafiya, a 2023 kuma ta kafa kwamiti na musamman kan illar kaɗaici. A Turai da Amurka akwai gidajen kula da tsofaffi da ma'aikatan da ake biya su zagaya. Nijeriya ta kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2021, amma a Bauchi har gobe dangi da maƙwabta ne suke ɗauke da wannan nauyi. Saboda haka gwajin unguwa mai sauƙi ne: shin Baba zai iya takawa da sandarsa zuwa masallaci ko majami'a ya dawo ba tare da ya tsallaka babban titi ba? Mutum nawa ya sani a layin?

Akwai kuma batun kusa da wa. Iyalai sukan karkata ga ɗan da ya fi kuɗi, alhali wanda ya fi zama a gari ne zai yi jinya, kuma sau da yawa 'ya mace ce. Ɗan da aiki zai iya ɗauke shi zuwa wata jiha baɗi ba a gina shawara a kansa. Inda hali ya yi, tsarin da ya fi ɗorewa shi ne kusa amma kowa da ƙofarsa da murhunsa. Uwar miji da suruka sukan fi ganin girman juna in akwai katanga a tsakani da 'yar ƙofar da jikoki suke bi da kwanon tuwo.

Takarda da gado

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, mai gida haƙƙin zama yake riƙe da shi, kuma sauya hannun gida mai takardar mallaka ta gwamnati yana buƙatar amincewar gwamna. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu tana da amfani, amma ba ta kai takardar mallaka ba. Kafin a biya ko kwabo, a kai lambar fili ma'aikatar ƙasa a bincika, a tabbata ba a kan hanya ko magudanar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar wuta yake ba, ba a kuma jinginar da shi a banki ba. A bakin gari an sha sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. In gidan gado ne, sai kowane magaji ya sa hannu, ko a ga takardar rabon da kotu ta yi. Matashi yana iya shekara biyar yana zarya a kotu, tsoho ba shi da wannan lokaci.

Halin gwauruwa ya fi buƙatar kulawa. A shari'ar Musulunci matar da mijinta ya bar 'ya'ya tumuni take samu, wato kashi ɗaya bisa takwas, in suna da yawa su raba shi a tsakaninsu. Gidan da aka sayar naira miliyan 24, bayan an fitar da bashi da wasiyya in akwai, tumuninsa bai wuce miliyan uku ba. In mata biyu ne, kowace miliyan ɗaya da rabi. Wannan ba ya sayen gida a cikin gari. Abin da 'ya'yan kirki suke yi shi ne su haɗa nasu kason su saya wa uwa wurin zama. A nan ne ya wajaba a rubuta komai: gidan nata ne kyauta, ko nasu ne tana zaune iya rayuwarta? In an sa sunan ɗa guda don sauƙin takarda, ranar da ya riga ta rasuwa gidan ya zama gado, mafi yawansa na matarsa da 'ya'yansa. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta kammala sai wanda aka ba ya karɓa ta shiga hannunsa, don haka a nemi malami masani ko lauya, a yi a gaban shaidu.

Wanda ya yi aikin gwamnati kuma ya tuna da kashi biyu da rabi cikin ɗari da aka riƙa cira daga albashinsa zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa. In bai ci bashin gida ba, yana da haƙƙin neman a mayar masa da kuɗinsa ta Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya bayan ya ajiye aiki.

Ko dole ne a tashi?

Kafin a kira dillali, akwai hanyar da ta fi kowace sauƙi, kuma mutanen Bauchi sun daɗe suna bin ta: a rage gidan a inda yake. A ja katanga a raba fuloti biyu, a fitar wa sashe ɗaya ƙofarsa da makewayinsa da mitarsa, a sa ɗan haya mai iyali wanda aka san asalinsa. In gidan yana bakin hanya, ɗakin samari ya koma shago. Dattijo ya rage wa kansa shara da gyara, ya samu kuɗin shiga duk shekara a kan fansho, bai rabu da masallacinsa ba, gidan kuma yana nan ga magada.

In tashin ya zama dole, a yi hattara da sayar da gida a koma haya da niyyar cin kuɗin a hankali. Darajar naira tana zubewa, kuɗin haya yana hawa, kuɗi a hannun tsoho kuma ba ya rasa masu buƙata: wannan zai yi aure, wancan zai ja jari ya mayar. Wanda bai tabbata da sabuwar unguwa ba, gara ya ba da babban gidan haya, ya kama ƙarami na shekara guda, ya ga rani ya ga damina. In wurin ya karɓe shi sai a yi maganar saye.

Ginin kansa ba ya son ƙawa. Ya zama na ƙasa, babu bene, babu dogon dokin ƙofa. A guji tayil mai santsi, a sa masai na zama da ƙarfen dafawa a bango, banɗaki ya kasance a jikin ɗakin kwana da fitila a hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum kusan 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a ciki. A bar ɗaki guda ga jika ko mai jinya, a bar zaure ko rumfa inda Baba zai karɓi baƙinsa, da ɗan wurin da Inna za ta ɗaure akuya ta shuka zogale.

Idan aka haɗa lissafin duka, unguwa mafi sauƙi ga dattijo a Bauchi ita ce mafi kusa da inda ya saba, matuƙar mota tana isa ƙofarsa, ruwa ba ya kwana a layinsa, asibiti kuma bai yi nisa ba. Raba gidan da ake ciki shi ne zaɓi na farko, ƙaramin gida a unguwar ko maƙwabciyarta na biyu, bakin gari na ƙarshe, shi ma sai da ɗa ko 'ya a kusa. 'Ya'ya su kawo alƙaluma, su zagaya da iyayensu su ga wurin da idonsu da safe da dare, su saurari Inna kamar yadda suke sauraron Baba. Takarda ta fito da sunan mai gidan, kuma kada a karɓi kuɗin kowa sai wanda zai kwana a ɗakin ya ce ya yarda.